Kalmomi Uku a Bayan Motar Audu

Hayin Banki, Kaduna,
Agusta, 1976.

Zuwa ga Bilkisu, sanyin idona, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, inuwar gamji ga wanda rana ta dafa!

Gaisuwa gare ki fiye da yashin kogin Kaduna. Tun da kika koma makarantar horon malamai a Katsina, fenti ya daina yi mini haske. Ina dama shuɗi, ina ganin mayafinki. Wayyo Bilkisu! Ashe haka kewa take cin mutum, kamar gara a cikin azara?

Kin tuna ranar da kika same ni a rumfata na haɗa kai da gwiwa, don mahaifinki, Malam Lawal, ya ce ba zai ba mai wasa da fenti 'yarsa ba? Kika ɗauki burushina, kika rubuta a jikin kwanon rumfar: "Art will win." Ni da Turancina bai wuce na allon shago ba, sai da kika fassara mini cikin dariya, wai fasaha ce za ta yi galaba. Na rubuta kalmomin nan uku da ja a bayan motar Audu mai lodin Katsina, ko Allah zai sa ta gifta ta gabanki. Kin gan ta? Kin gane hannuna?

To, albishirinki! Makon jiya Malam ya tako da ƙafarsa daga Unguwar Dosa, ya ce in rubuta allon makarantarsa da Larabci. Da na gama, ya daɗe tsaye yana bin kowane harafi da yatsa. Ya ce hannun nan ba na banza ba ne, in turo magabatana bayan Salla, amma fa in yarinya tana so.

In tana so! Nan gabana ya faɗi haka. Wasiƙuna sun tafi, shiru. Ana ta raɗe-raɗin wani akawu mai Besfa yana zarya gidanku. Shin tsuntsuwar da ta koya wa reshe waƙa za ta tashi ranar da ya yi fure?

Dutsen da na fi tsoro ya kauce, saura ke. Ki aiko ko da kalma ɗaya ce kafin a ga watan azumi. In "e" ce, ni da ke sai mutuwa. In "a'a" ce, ki rubuta da hannunki, kada in ji a bakin tasha.

Naki har ranar da za a mayar da ni ƙasa,
Datti mai fenti.