Farin Gishiri a Bayan Akwatin Kifin Likita

Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ki yi haƙuri da shiruna, aikina ne ke rawa. Kin san akwatin gilashin nan na kifin teku da Likita ya girka a ɗakin jiran asibitin haƙorinsa, wai don masu ciwo su kalla su manta da zogi. To, mako uku ke nan, kullum na zo shara sai na tarar da ruwa kwance a gindinsa. In goge, kafin rana ta yi tsaka ya dawo. Ranar Talata wata tsohuwa ta zame a wurin, Allah ya tsare ba ta karye ba. Likita ya kira ni gaban mutane ya ce ni ke barin ruwan mofa in na goge daɓe, kuma in aka sake ganin jiƙa zuwa Asabar in ajiye masa makulli. Shekara tara ina goge daɓen nan, Yaya, yau ni za a koya wa matse tsumma!

Mai kula da kifin ƙanin matarsa ne, Farfesa muke ce masa a bayan ido. Duk iliminsa a waya ya tsinto shi. Na gaya masa ruwan akwatin na raguwa, ya dube ni sheƙeƙe ya ce tururi ne, kuma ba fannina ba ne. Kullum sai ya tari ruwan famfo ya cika, yana wani ɗaga kafaɗa. Kifayen kuwa sun koɗe, sun daina cin abinci.

Ki sa ni a addu'a, raina a ɓace yake.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, na ga saƙonki, na gode. A gaida Inna.

Ranar Alhamis haushi ya sa na dangwali ruwan ƙasan na lasa. Gishiri zau! Yaushe na fara wanke daɓe da gishiri? Na ƙi gogewa, na shimfiɗa tsofaffin jaridu kewaye da akwatin na zuba ido. Ta kusurwar baya ce ta fara jiƙewa. Na durƙusa na haska da fitilar waya, sai ga gishiri ya bushe fari fat tun daga mahaɗar gilashin har ƙasa. Gam ɗin wurin duk ya yage.

Na janyo Likita ya gani da idonsa, ya kira wanda ya haɗa akwatin. Mutumin ya ce reza ce ta ci gam ɗin, kuma kowa ya san Farfesa ne ke kankare gansakukar gilashin da reza. Da ya auna ruwan sai ya riƙe baki. Ya ce tururi kan bar gishiri a ciki, yoyo kuwa tafiya yake da shi, don haka Farfesa ya yi mako uku yana tsarma wa kifin teku ruwan gishirinsu da na famfo. An kwashe su a bokitai, an liƙe wurin, amma duk kifaye goma sha ɗayan babu wanda ya kai Asabar. Wallahi sun ba ni tausayi.

Farfesa, ko kunya babu, wai dama ya daɗe yana zargin kusurwar. Likita bai ba ni haƙuri ba, bai kuma ƙara zancen makulli ba. Ya kau da kai ya ce in kawo mofa, na kawo.

Abu ɗaya ya rayu a akwatin, wani dodon koɗi mai lasar datti a jikin gilashi, wanda ba a taɓa kallo ba. Yanzu shi kaɗai masu ciwon haƙori ke kallo, kuma ni aka ce in riƙa kula da shi. Farfesa ko murfin an hana shi taɓawa.

Ƙanwarki,
Auta