Mai Caji Ya Zuƙe Min Data, Sai Na Tashe Shi

Mai fili, ka taimake ni da shawara kafin in aikata abin da raina ke raya min. Ni kafinta ne, ban yi boko ba. Matar ɗana ce ke rubuta min wannan, kuma na hana ta rage ko kalma ɗaya.

Akwai wani mai cajin waya da na ba shi gefen rumfar shagona shekara tara ke nan, kyauta. Teburin da yake jera wayoyin ma ni na buga masa. Ranar Talata na sa data ta wata guda, don autata da ke aure nesa ta haihu, ta ce za ta nuna min jaririn ta bidiyo. Na miƙa masa wayar ya cika min, na koma kan ƙofar da nake gogewa. Da na karɓo, waya ta yi zafi kamar dutsen guga, data kuwa babu ko ɗigo. Ban ga jikana ba ranar.

Da na tuhume shi, wai wayar ce ta sauko wa kanta da sabon tsari. Ni zai raina wa hankali? Zartona bai taɓa tashi ya wasa kansa ba. Ta igiyar cajin nan ya zuƙe, ai kullum yana kallon ƙwallo yana washe baki. Tun bara da ya ari gudumata ya dawo da ita ƙota a tsage na san halinsa.

Na riga na ɗauke bencin da na ba shi yake zama a kai. Ranar Asabar zan cire teburina, in yanke masa wuta, ya je ya sha rana. Na tambaya ne kawai, ban ce zan fasa ba.

Kafinta mai jin haushi

Baba kafinta, barka da samun ƙaruwa. Haushinka na kan hanya, ka biya kuɗinka aka hana ka ganin jininka. Sai dai ɓarawon yana cikin aljihunka. Igiyar da aka jona a bango wuta kawai take bayarwa. Wayoyin zamani kuwa sukan sauko da sabon tsari ba da izinin kowa ba, musamman in suna kan caji, su lamushe data ta wata a zama ɗaya.

Shi ma mai cajin da nasa laifin. Sana'arsa ce, da ya kashe maka data kafin ya jona, ko ya gargaɗe ka.

Kafin Asabar, ka sa matar ɗanka ta buɗe saitin wayar, wurin da ke nuna abin da ya ci data, ta karanta maka. In ya nuna wata wayar ce ta ja ta daga taka, cire teburinka, ba zan tare ka ba. In sabon tsarin ne, ka rama a kan mai laifin: a hana wayar sauke komai da kanta, a sa mata iyaka, kada ta ƙara motsi sai da izininka.

Sannan ka mayar da bencin da hannunka, kada ka aika. Zancen guduma kuwa, sabuwar ƙota ba ta gagari kafinta ba. Kada ka raba mutum da abincin iyalinsa a kan zato, Baba. Allah ya huci zuciyarka, ya raya jariri.