Ka Ɗauki Labarin, Ka Bar Darasinsa

Zuwa ga Alhaji Ilyasu, Shugaban ƙungiyar zumuncinmu ta nan Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar da Allah Ya ɗora maka. Ni ne Haruna mai yadi na Bab Makka, wanda kuka taso tare a unguwar Karantina, wanda kuma ka kayar a zaɓen shugabanci bara. Na rubuto a fili ne domin a fili aka yi mini abin.

Na ɗaya. A taron bayan Sallah ka tashi ka ba da labarin shugaban nan na Amurka, dogon nan mai gemu, wanda Kudancin ƙasarsa ya ɓalle don kada a taɓa masa bayi. Ka ce ya ƙi yarda ƙasa ta rabu, ana tsakiyar yaƙi ya shelanta 'yancin bayi, yaƙi na ƙarewa aka harbe shi. An yi ta kabbara, har dattijai na share hawaye. Alhaji, a ina ka ji labarin nan? A shagona ka ji shi, kana zaune a kan bandir ɗin shadda kana shan shayina, ina karanta maka daga wani tsohon littafin Larabci da na saya a kasuwar gwanjo. Sau da yawa ma barci ke kwashe ka kafin a kai ga 'yanta bayin. Amma da ka gama jawabi sai ka juya ka yi wa Dakta Bashir godiya, wai shi ya wayar maka da kai. Daktan da iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar nan, ko sabuntawar farko ba ta gani ba! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na biyu. Ka san al'adarmu tun ta iyaye: in an kawo babban tiren shinkafa, dattijai ke kewaye shi tare da shugaba, shi kuma ya yago nama da hannunsa ya ajiye gaban wanda yake girmamawa. Rannan ka yago kafaɗar rago ka ajiye gaban Dakta. Ni aka nuna mini tiren bakin ƙofa, kusa da takalma.

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai gan ni ba a ranar. Na yi kishi, Alhaji, har yanzu ma ina yi. Ba ni da abin faɗa a kan Dakta, mutumin kirki ne, ya duba mini hawan jini kyauta. Amma duk lomar da ya kai baka ji nake kamar daga hannuna aka fizge ta.

Na uku, kuma shi ne babba. Ka tsallake wurin da na fi so a labarin. Mutumin nan da ya hau mulki, waɗanda suka yi takara da shi a jam'iyyarsa, masu ganin sun fi shi ilimi da asali, su ya jawo ya ba manyan muƙamai. Ya haɗiye raininsu saboda ƙasa na bukatarsu. Kai kuwa kana hawa ka cire ni daga kwamitin jana'iza, aikin da na daɗe ina yi, ka cika shi da masu kwantiragi waɗanda gobe kafili, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansu, zai ce halas, an gama, su tattara su koma gida. Tun da aka rushe Karantina muka watse, wani na unguwar Hindawiyya, wani can bayan gari. Ƙungiyar nan ce kaɗai ta rage inda in ɗayanmu ya faɗi za a san wanda za a kira.

To ka sani, bango ya fara tsagewa. Wasu daga cikin haifaffun nan sun same ni a shago, sun ce mu ɓalle mu kafa tamu, ni ne shugaba. Wallahi zuciyata ta so. Na hango kaina ina yago nama, kai kana bakin ƙofa.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Ka mai da ni kwamitin jana'iza, ko a ƙarƙashin Dakta ne, na yarda. Sannan a taro na gaba ka faɗa wa jama'a inda ka samo labarinka.

Su kuwa masu son ɓallewa na riga na ba su amsa, na ce a'a, kuma ba don kai na ce ba. Shekara da shekaru ina ba da labarin nan ina tsine wa waɗanda suka raba ƙasa, ba zan tsufa in shiga sahunsu ba. Ko ka amsa roƙona ko ka ƙi, ina nan cikin ƙungiya, kuma ranar da ta Allah ta kasance a kanka, in ina raye, da ni za a ɗauki makararka.

Allah Ya yi riƙo da hannunka, Ya ba ka faɗin ƙirji, ni kuma Ya sanyaya mini nawa.

Wassalam.

Ɗan'uwanka,
Haruna mai yadi, Bab Makka, Jidda.