Sama Ta Fi Dosso Kusa

Yamai, Yuni 1961

Zuwa ga Mushe Issoufou, malamin boko, inuwar gawona a tsakar rani, sanyin randata, fitilar makarantar lakwal ta unguwar Gaweye, masanin duk abin da ke sama, makahon abin da ke gabansa!

Ka tuna yammacin da ka kira ni bakin gulbi? Na sha lalle, na ɗaura zanen da nake adanawa tun bikin samun ƴanci. Ka dube ni, ka yi gyaran murya, zuciyata ta yi tsalle kamar kifi a taru. Na ce yau dai za a yi maganar! Sai ka tambaye ni ko na san inda sararin samaniya yake farawa.

Wayyo ni Kadi! Ka ce iska tana raguwa in ana hawa, har a kai inda fiffiken jirgi ba ya samun abin dogara. Ka ce wajen kilomita ɗari ne, ko Dosso ta fi shi nisa daga Yamai, can ɗan Rashan nan da ake faɗa a rediyo ya haura ya kewaya duniya. Da wata ya leƙo na gyara kallabi, ko za ka kwatanta ni da shi. Ka ce busasshen dutse ne mai ramuka, haskensa ma na aro ne. Taurari kuwa, ka ce tsohon haske muke gani, wataƙila wasu sun mutu labari bai iso ba tukuna. Haka ake zance a Dakar inda ka yi karatu?

Duk da haka, ya ruwan farkon damina, ina sonka, har da allin da ke gemunka.

Amma saurara. An yi wa Baba canjin wurin aiki zuwa Damagaram, da kaka za mu kwashe kaya. Sau biyu yana tambayar Inna ko malamin nan yana da magabata. Mutum ya kewaya duniya ya dawo lafiya, kai daga Gaweye zuwa zaurenmu a Boukoki ya gagare ka? Iska ce ta ƙare a hanya?

Ka zo ran Juma'a da kawunka Tanimu da goro. In Baba ya tambayi abin da ke tafe da ku, don girman Allah kada ka ɗaga kai sama. Ka yi shiru, kawu ya yi magana.

Taka ce ni, a Yamai ko a Damagaram, har ranar da za a naɗe saman nan naka,

Kadi