Inna, Na Raba Tsigi da Uwarta da Wuri

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mana, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da ni'imarsa. 'Yarki ce Bilkisu. Muna nan lafiya, Yaya Rabi da yaranta ma suna Hotoro lafiya lau. Yau wata huɗu ke nan da rasuwarki. Na san masu bin shafina ne za su karanta wannan, amma da ke nake magana, domin na yi wani laifi, kuma ke ya kamata ki fara ji.

Magenki Fara ta haihu. Bayan sadakar arba'in an rufe ɗakinki na Gyadi-Gyadi, amma ita ba ta bar gidan ba. A ɗakin ajiya ta haihu, cikin tsohon kwandon albasarki, 'ya'ya uku. Maman Ladi, maƙwabciyarki 'yar Kafanchan da kuka shekara ashirin kuna miƙa wa juna kwano ta katanga, ita ta ɗauki nauyinsu. Kullum kafin ta tafi makarantar da take koyarwa sai ta shiga ta zuba wa Fara abinci.

Satinsu biyar na je na gan su. Ɗaya ta fi sauran ƙanƙanta, fara ce mai baƙin kunne ɗaya, ta hau ƙafata ta kwanta kamar ta san ni. Nan take na sa mata suna Tsigi, na ce zan tafi da ita gidana a Tarauni. Maman Ladi ta ce in ƙara mata ko sati uku ne, har yanzu nono take sha, ba ta gama koyon ci ba. Na ce ai zan kula da ita. Gaskiya, Inna, ban saurare ta ba. Da aka raba kayanki na sami zannuwa da kwanukan tangaran, duk suna cikin akwati ban iya buɗewa ba. Wani abu naki mai numfashi nake so a ɗakina. Na sa ta a kwali na tari adaidaita sahu, Fara ta biyo ni har bakin titi tana kuka, ban waiwaya ba.

Ranar farko madarar gari na dama mata, ta lashe tas, na ji daɗi. Washegari na saya mata busasshen abincin mage a wani kanti. Da na ga ba ta iya tauna shi ba, sai na buɗe mata kifin gwangwani da mansa. Rana ta huɗu na soya mata hanta da albasa. Duk abin da ta ɗan juya wa baya sai in canja mata wani. A zatona ƙauna nake nuna mata.

A ranar ce gudawa ta fara. Na goge, na ce sabon wuri ne, za ta saba. Na ƙara mata madara don ta sami ƙarfi. Kashegari ta fara amai, cikinta ya kumbura, gashin bayanta duk ya ɓaci. Ta daina bin igiyar labule da take wasa da ita. Sai ta je bayan firij ta takure, idan na kira ta ta buɗe baki kukan ba ya fita.

Ga wurin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Maman Ladi ta kira ni a waya sau biyu tana tambayar Tsigi, sau biyun na ce mata lafiya lau, har tana ƙiba. Kunya ce ta hana ni. Ba na so a ce an gaya mini ban ji ba. Kwana biyu cur na bar 'yar mage tana wahala don kare fuskata. Ke da kike tsayar da mu a tsakar gida idan mun kori Fara daga kan tabarma, kina cewa, "Ba ta da bakin kai ƙara, ku ji tsoron Allah."

Rana ta bakwai da safe na ɗaga ta na ji ba nauyi, kamar na ɗauki safar hannu. Na naɗe ta a ɗankwali na nufi wurin likitan dabbobi a Unguwa Uku. Likitan, wani dattijo mai sanyin magana, ya ɗan ja fatar wuyanta ya saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ya ce ruwan jikinta ya kusa ƙarewa, da na ƙara kwana ɗaya da wuya ta kai. Ya sa mata ruwa ta ƙarƙashin fata. Ya yi mini bayani cewa cikin 'yar mage ba ya ɗaukar madarar da muke sha, albasa kuwa guba ce gare ta, kuma ko abinci mai kyau ne ba a canja shi rana ɗaya, ana gauraya sabo da tsoho ne kaɗan kaɗan har sati guda. Bai yi mini faɗa ba. Sai ya tambaye ni me take ci a gidan uwarta kafin in ɗauko ta.

Ban sani ba, Inna. Ban tambaya ba.

Ina tsaye a gabansa sai na tuna ranar da aka kwantar da ke a asibiti. Likita ya dube ni, ni da na fi kowa kwalliya da yawan magana, ya tambaye ni me kike iya ci a makonnin nan. Yaya Rabi ce ta amsa, Maman Ladi ta ƙarasa mata: kunun gero mara tsami, cokali biyar ko shida, shi ke nan. Ni kuwa duk Juma'a ina zuwa da leda cike da lemo da tuffa da gasasshiyar kaza, ina ajiyewa, in yi minti ashirin in ce aiki na jirana. Kina ce mini, "Bilki, ajiye ledar nan ki zauna." Ban taɓa tambayar inda kazar take zuwa ba. Daga baya na ji maƙwabta kike aika wa, don kar in ga ba ki ci ba in ji babu daɗi.

Daga wurin likita ban koma gida ba, Gyadi-Gyadi na wuce. Na sami Maman Ladi tana shanya, na buɗe ɗankwalin na nuna mata, na gaya mata ƙarya na yi mata a waya. Ta daɗe tana kallon Tsigi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da kin faɗa mini, 'yata, ai da na zo."

Muka shiga ɗakin ajiya, na ajiye Tsigi a gaban uwarta, ina fatan a gyara abin da na ɓata. Fara ta matso ta shinshina ta. Sai ta ja da baya, ta yi mata huci, ta koma cikin kwando ta kwanta a kan sauran biyun. Tsigi ta rarrafa ta bi ta, Fara ta ɗaga hannu ta make ta. Warin gidana da na magani ne a jikinta, uwarta ba ta gane ta ba. Mun gwada har sau uku. A na ukun Maman Ladi ta ɗauke ta ta miƙo mini, ta ce yanzu ba ta da wata uwa sai ni.

A kicin ɗinki ta koya mini abin da take ba su: tsokar kaza dafaffiya, ba gishiri ba yaji, a murje ta da ɗan romonta. Ashe ke kika koya mata, tun haihuwar Fara ta farko. Na yi shekaru ina shiga gidan nan ban san haka kike yi ba.

Yau kwana goma sha biyu ke nan da kai ta wurin likita. Gudawar ta tsaya a kwana na uku. Ina ba ta kaɗan kaɗan sau biyar a rana, na fara gauraya mata abincin 'yan mage da likita ya rubuta, an kuma ba ta maganin tsutsar ciki. Na roƙi a sauya mini lokacin aiki don in riƙa dawowa da rana. Har yanzu ba ta kai 'yan uwanta girma ba, likita ya ce wataƙila ta kamo su, wataƙila a haka za ta tsaya. Idan ta gama ci ina zama a ƙasa kusa da ita har ta yi barci a cinyata. Ba na tashi da wuri.

Inna, ki yafe mini. Ki yafe mini magenki da na raba da 'yarta, ki yafe mini Juma'o'in nan. Na san da kina nan da tuni kin ce ya wuce, kin turo mini kwano. Ni ce ban iya cewa ya wuce ba tukuna.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi. Allah ya sa tausayin da kika nuna wa mutane da dabbobi ya tarye ki. Ya saka wa Maman Ladi da Yaya Rabi da alheri bisa zaman da suka yi da ke. Ni kuma ya yafe mini, ya raya mini wannan 'yar amana a hannuna. Amin.

Taki har abada,
Bilkisu