Dada, Hamma Ya Sa An Buga Sabon Tubali

Assalamu alaikum, Dada. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiya, da fatan Allah Ya kai haske makwancinki, Ma'u ce taki ta unguwar Damilu. Na zo miki da labarin gidanki na Wuro Hausa, kuma ba duka ne mai daɗi ba.

Yayanmu Hamma Iliyasu ya yi ritaya, ya dawo daga Abuja da buri guda: wai zai mai da gidan yadda yake a zamanin Kaka, lokacin da yake ɗinkin fata a zaure. Gaskiya ya yi aiki. An ɓamɓare simintin da Baba ya shafa, an sake yaɓe da jar ƙasa. Da aka cire silin ɗin zaure sai ga azarar giginya lafiya lau. An yi wa ɗakinki daɓe. Ya yi ta bin ƙauyuka yana tattaro ƙorai masu zane da tasoshi, ya samo gadon ƙarfe mai rumfa irin naki da muka karya da tsalle-tsalle. Har fitilar aci-balbal ya kawo, shi da ko ashana ya kyasta sai ya ƙona yatsa! Ranar da na shiga na shaƙi ƙamshin daɓen nan, wallahi kuka na yi, na yi ta sa masa albarka.

To amma kin san hali. Ke kika sha cewa Ma'u ko ruwa aka miƙa mata sai ta leƙa ƙasan kofi.

Maganar Maman Tumba ce ta hana ni sukuni. Kin tuna shekarar da mutane suka yi ta kwararowa daga Michika suna gudun hijira, kika tsince ta a tasha a Jimeta da goyo, ƙafafu duk sun kumbura, ita da mijinta sun rabu a daji. Kika kawo ta ɗakin baya da muke ajiye hatsi.

Da kika lura tana jin nauyin ratsa zaure ran Lahadi, maza zaune ita kuma za ta coci, sai kika kira magini ya fasa mata ƙofa ta lungu. Dangi suka yi ca, wai katangar kakanni ce. Kika ce kakannin ba su ga abin da muka gani ba. Har yau ta nan take shiga da fita, kuma duk mai tafiya wajen garinsu kwatancen ƙofar nan take ba shi, ko Allah zai sa mijin ya ji.

Shi kuwa Hamma bakinsa ɗaya ne: duk abin da ba na zamanin Kaka ba, waje. Tankin ruwa ya fita. Rumfar langa-langa ta fita. Ni kuma raina yana ta raya mini cewa ƙofar nan ba ta zamanin Kaka ba ce, Maman Tumba ma haka.

Bai taɓa furtawa ba, kar in ɗauki alhakinsa. Amma mutumin da tun dawowarsa gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu ba, yanzu shi ne mai tsayawa yana tambayarta ko hanyar garinsu ta yi lafiya, ko ta ji wasu sun koma har sun yi noma. Rannan ya ce mata wai abokinsa yana da ɗaki a Vinikilang, wajen akwai iska. Wa ya tambaye shi iska? Ya kawo mai hoto, aka ɗauki ko'ina har madafi, da suka doshi katangar baya sai ya ja hannun mutumin suka juya.

Sai ga maganar tubali. Aiki ya ƙare, magina har sun wanke kayansu. Makon jiya suka dawo, suka kwaɓa ƙasa, suka buga wasu 'yan kaɗan suka jera a tsakar gida suna shan rana. Na zaga gidan kaf, ban ga tsaga ko ɗaya ba. Na tambayi magini, ya sunkuyar da kai ya ce in tambayi Alhaji. Na tambayi Hamma, ya ce in bar wa maza maganar gini. Na dubi tubalin, na dubi faɗin ƙofar, na ga kamar daidai za su toshe ta.

Wataƙila dakali zai yi, ko murhu. Haka nake ta gaya wa kaina, amma zuciyata ta ƙi.

Jiya da la'asar hadari ya haɗo. Ina zaune a bakin ɗakinki, kuma ba zan ɓoye miki ba, fata nake a tsuge da ruwa ya narkar da su su koma laka. Sai ga Maman Tumba da gudu. Ta yaye ledar da take rufe itacen girkinta, ta lulluɓe tubalin, ta bi gefe tana dannewa da duwatsu. Na ɗaga murya na ce ta bar su. Ta dube ni, ta dubi ƙofarta, ta ce kayan gidan Dada ne, ba za su lalace tana kallo ba.

Ta sani, Dada. Ashe ta riga ni sani. Itacenta ya jiƙe sharkaf, a ranar ba ta hura wuta ba, tubalin kuwa ko ɗaya bai yi komai ba.

Ran Juma'a in dangi sun taru zan tambayi Hamma a gaban kowa. Ko ya ce ba ni da kunya, na yarda. Ni dai ban iya yin shiru irin nata ba, kuma ba kya nan balle ki yi magana ɗaya kowa ya shiga taitayinsa. Na yi kewarki ƙwarai.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki. In na zalunci Hamma da zargi, Allah Ya yafe mini. In kuwa na yi daidai, Allah Ya tausasa zuciyarsa kafin tubalin nan su gama bushewa. Amin.

'Yarki mai baki,
Ma'u