Ni Na Kai Ƙarar Klan Ɗinmu, Amma Agali Ake Tsangwama

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, kuma masu shirin rubuta mini cewa ƙato da ni me nake yi da wasan salula, su adana wa'azinsu. Na sha jinsa, ba shi ya kawo ni ba.

Ina zaune a Arlit, ina gyaran salula a kasuwa. Daga Damagaram na zo, ɗan baffana ne ya kawo ni, zan kira shi Yaya Sani duk da ba sunansa ba ne. A gidansa nake kwana har yau, shi ya nema mini rumfar da nake aiki. Lokacin da aiki ya ja baya a wajen haƙar ma'adinai, aka sallami mutane, shi ma yana ciki, sai zaman fada ya yi yawa: shayi, hira, da wasan harbi na salula idan rezo, wato sabis ɗin waya, ya yarda. Yaya Sani ya kafa mana klan, wato ƙungiyar 'yan wasa, shi ne shef, wato shugaba, ni ya ba ni admin saboda ni ke da haƙurin karanta saƙonni. Wallahi da farko abin gwanin daɗi ne. Akwai 'yan Maradi, 'yan Tawa, yaran Kano masu shago, Abzinawa, har wani ma'aikacin tashar kuran, wato wutar lantarki, da ke shigowa daga Tchirozérine. Matar wani ta haihu, a gurup muke fara ji, mu tafi suna tare. Wanda bai iya ba a koya masa. Wa ya damu da wanda ya ci?

Sai masu kamfanin wasan suka kawo sabon tsari: a jera klan-klan na yanki, wanda ke sama ya samu kaya da lambar yabo, kuma duk ɗan wasan da ya faɗi yana jan ƙungiyarsa ƙasa. Daga ranar Yaya Sani ya canza. Ya fara zagin wanda ya kuskure, yaran suka ga shef na zagi, su ma suka ɗauka. Ya ce in cire wane, in cire. Ya ce in rufe bakin wane, in rufe. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin wannan ikon, mutum ya kira ni yana lallashi in mayar da shi, ni da ba wanda ya taɓa lallashina a kan komai.

A cikinmu akwai Agali, Ba'abzine ne, magidanci mai 'ya'ya, da yana tuƙa babbar mota a kamfani, yanzu ruwa yake kaiwa unguwanni da tanka. Hausarsa irin ta wanda ya koya da girma ce, yana ce wa namiji "ta". Wata rana ana tsakiyar wasa ya yi ihu, "Ta harbe ni, ta ɓoye bayan mota!" Wani ya naɗi muryar, ya haɗa da kiɗa, ya saka a gurup. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma abin bai tsaya nan ba, ya fita gari, har yara suna bin tankarsa suna "ta harbe ni". Ya same ni a rumfa ya ce, "Admin, ka goge abin nan. Ɗiyata ta dawo daga makarantar lakwal tana kuka." Na goge, aka sake sakawa. Na je wurin Yaya Sani na ce, "Yaya, a tsawata wa yaran nan, mutumin nan ya girme su." Ko kallona bai yi ba, yana zuba shayi ya ce, "Wanda ba ya son wasa ya bar wasa. Kai admin ne ko liman?" Na danna wurin kai ƙara na cikin wasan, na bayyana zagin da ake yi, aka maido mini da godiya irin ta na'ura. Ina za su ji zagi da Hausa? Wa suka ɗauka da zai saurara? Agali ya fita daga gurup da kansa, kalmarsa ta ƙarshe ita ce "Allah ya isa".

Bayan fitarsa da 'yan kwanaki Yaya Sani ya kawo mini salularsa da ta abokansa biyu, ya ce in saka musu wata manhaja da ke nuna abokin gaba ta bayan bango. Na ce ba zan saka ba, ya ce, "To, yaron Kano zai saka." Aka saka. Muka riƙa cin klan-klan na Agadez da Yamai da sata, ana ta kirari a gurup, masu zagin Agali su ne kan gaba wajen cewa mu maza ne. Raina ya ɓaci. Da Yaya Sani ya kawo salularsa a canza mata gilashi, sai na kunna wasan, na ɗauki bidiyon abin da ke fitowa, na aika wa masu kamfanin da sunayen su ukun.

Ku ji da kyau: ban yi nadamar wannan ba, kuma ba zan yi ba. Ko gobe aka maimaita zan sake. Sata sata ce ko a cikin salula take. Abin da ban zata ba shi ne hukuncin. Su da suka yi shiru a kan cin mutuncin bawan Allah, da aka taɓa musu wasa sai suka tashi da ƙarfi: suka rufe klan ɗin gaba ɗaya, suka dakatar da duk wanda ya yi gasa tare da su ukun. Har ni. Mutanen da suka shekara suna gina kont ɗinsu, wato asusunsu na wasan, ba su san hawa ba su san sauka ba, suka wayi gari babu komai.

Sai aka fara neman wanda ya kai ƙara, kuma wa za a nuna in ba wanda ya ce Allah ya isa ba? Bayan la'asar suka tare shi a bakin tasha, ina tsaye a wurin. Yaya Sani ya ce, "Munafuki, ka ci abinci da mu ka je ka sayar da mu." Agali ya rantse, suka ƙi ji, wani ya fasa masa madubin mota. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Admin, kai ka san ni. Ka faɗa musu." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ni ban san komai ba." Wannan ce kunyata, ita ke hana ni cin abinci. Yanzu gidaje da dama a unguwarmu sun daina sayen ruwansa, saboda an ce shi mai kai rahoto ne, kuma kun san nauyin wannan kalma a garin nan. Makon jiya ya zo rumfata da salular matarsa, na kasa haɗa ido da shi. Da zai tafi ya ce, "Wanda ta yi abin nan ta yi daidai. Amma da ta fito, da na huta." Ban sani ba ko ya gane ni ne.

Me ya sa ban fito ba? Tsoro ne, ba zan sa masa wani suna ba. Yaya Sani ne zai tsaya mini a maganar aurena bayan sallah, a ɗakinsa kayana suke, in ya kira gida ya ce na ci amanarsa, mahaifiyata ba za ta tambayi mene ne klan ba, za ta ce na tozarta wanda ya riƙe ni. Amma ku gaya mini, wa ya fara cin amana? Wanda ya koya wa yara zagi da sata, ko wanda ya tona?

Yanzu Yaya Sani ya buɗe sabon klan da sabon kont, ya ce ni zan sake zama admin, kuma dokar farko ita ce kada a ɗauki Ba'abzine ko ɗaya. Yana jiran amsata ranar Juma'a. Wannan dokar dai hannuna ba zai rubuta ta ba, ko zai kore ni in kwana a rumfa. Abin da na kasa yankewa shi ne sauran. In tsaya a fada gaban kowa in ce ni ne, in wanke Agali, in rasa gida da dangi? Ko in je in same shi shi kaɗai in nemi gafara, alhali wannan ba zai dawo masa da masu sayen ruwa ba? Ba na neman a ce mini na yi laifi da na kai ƙara, ba zan karɓa ba. A kan Agali, mutumin da ke ɗauke da nauyin abin da na yi, nake tambaya.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?